Akwatin Kawu: yadda za ka tattara tarihin mahaƙan Abzin tun daga nan Tawa

Ranar 31 ga Maris 2021 aka daina haƙar uraniyom a ramin Akuta na kamfanin COMINAK, kusa da Akokan a wajen Arlit, bayan shekara 43 mutane suna sauka mita 250 cikin ƙasa suna fitowa. Ramin yana nan inda yake. Waɗanda suka san cikinsa kuwa sun watse, wasu Agadas, wasu Yamai, wasu Damagaram, da yawa kuma nan ƙasar Adar suka dawo, Tawa da Illela da Keita da Buza, inda dama daga nan aka tafi.

Kawuna ya riga su dawowa da shekaru. Da ya rasu, bayan sadakar arba'in aka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Gara ta shiga ta wajen da tsatsa ta huda, ta cinye rabin takardun. Abin da ya tsira: katin aiki, takardun albashi kamar ashirin, da hoto ɗaya na mutum goma sha ɗaya sanye da hular kwano, suna tsaye gaban wata mota. Babu suna ko ɗaya a bayan hoton. Matarsa ta gane uku. Sauran takwas muka shiga tambaya, alhali mai amsar ya yi shekaru yana zaune a ƙofar gida yana shan shayi, ban taɓa cewa ya ba ni labari ba.

Saboda haka in kana son tarihin duwatsun Abzin da mahaƙansu, kada ka fara da neman kuɗin mota zuwa Arlit. Fara da zauren unguwarku.

Ka yanke abin da za ka iya ɗauka

Haƙar ma'adini a Abzin ba abu ɗaya ba ne. Akwai tagullar Azelik, wurin da yawancin masu bincike suka tafi a kan cewa shi ne Takadda, garin da matafiyi Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ba da labarin tagullarsa. Akwai gishirin Tagidda-n-Tasamt. Akwai kuzar Elmeki da Tarwaji, wadda tun zamanin Turawa ake haƙa. Akwai uraniyom: an fara gano shi a 1957 a wajen Azelik, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitarwa a 1971, COMINAK ta biyo a 1974 ta fara aiki a 1978. Akwai gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda kamfanin SONICHAR yake ƙonawa ya ba mahaƙan wutar lantarki. Sannan zinariyar Jado da Cibarakatan, da ta kwashe samarinmu tun 2014.

Wanda ya ce zai haɗa duk wannan, littafi biyu zai cika da gaisuwa ya gaji. Zaɓi ƙauye ɗaya, ko unguwa ɗaya, ko sana'a ɗaya, ka sa mata iyaka ta shekaru. Misali: mutanen garinmu da suka yi aiki a Arlit daga 1971 zuwa 1990. Ko direbobin manyan motoci na hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gama shimfiɗa wa kwalta wajen 1980. Ko matan da suka zauna gidajen kamfani. Rubuta wannan iyakar a shafin farko, don duk ranar da labari ya ja ka wani wuri ka san hanyar komowa.

Sai ka jera sunayen waɗanda za ka gani, kada ka jera su bisa girman muƙami, jera su bisa tsufa da rashin lafiya. Tsohon lebura mai tari shi ne na farko. Injiniyan da ya yi ritaya bara zai iya jiranka.

Kayan aiki ba su da yawa: waya mai sarari, abin caji na tafi-da-gidanka, littafi mai tauri, biro biyu, goro, da sukari da ganyen shayi.

Kalandar shekaru, kafin ka buɗe baki

Tsoho ba zai ce maka 1976 ba. Zai ce shekara biyu bayan soja sun karɓi mulki. Don haka ka tsara wa kanka jerin abubuwan da kowa ya shaida, ka haddace shi. Husufin rana na 30 ga Yuni 1973, wanda a wajen Arlit rana ta ɓace ɗungum na ƴan mintoci. Babban farin 1973 zuwa 1974. Hamɓare Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Rasuwar Seyni Kountché a Nuwamban 1987. Taron ƙasa na 1991. Karya darajar sefa a Janairun 1994. Yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawaye ta 24 ga Afrilu 1995. Ka ƙara da na garinku: shekarar da aka naɗa mai gari na yanzu, shekarar gobarar kasuwa, shekarar da aka gina masallacin Juma'a.

Wani dattijo da na tambaya yaushe ya tafi arewa, cewa ya yi: "Ɗana, ni ban san lissahin Nasara ba. Amma ina da damana biyu can rana taɓ ɓace, kaji sunka shiga akurki da rana tsaka." Ka ga an samu 1971 ke nan, kuma ta dace da shekarar da aka fara fitar da uraniyom. Ga mata kuwa, haihuwa ce kalanda. In ta ce tana goyon ɗanta na uku suka tare a Akokan, nemi takardar haihuwar yaron ko katin shaidarsa.

Haka zancen kuɗi. Mu nan da dala muke lissafi, dala ɗaya faran biyar, jika ɗaya faran dubu. In tsoho ya ce albashinsa na farko jika goma sha biyar, rubuta yadda ya faɗa, sannan ka sa lissafin faran a gefe. Kuma adadin kaɗai ba ya gaya maka komai, tunda sefar gabanin 1994 ba ita ce ta bayanta ba. Tambaye shi tiyar hatsi nawa take a lokacin, rago nawa, sadakin budurwa nawa. Nan ne za ka fahimci abin da ya sa ake kiran Arlit ƙaramar Paris, da abin da ya sa mutane suka yi kuka da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980.

Shiga gida

Kada ka je da waya a kunne ranar farko. Gaisuwa ce kawai, kuma in da hali wani wanda tsohon ya yarda da shi ya raka ka. In ƙauye ne, a fara da ƙofar mai gari.

Abu ɗaya lalle ka warware tun a zaman farko: kai ba ɗan kamfani ba ne, ba ɗan gwamnati ba, ba kuma rajistar diyya ko taimako ka zo yi ba. Faɗi haka ƙarara, ka maimaita. Mutanen nan an sha rubuta sunayensu an tafi ba a dawo ba. In suka zaci akwai kuɗi a bayan littafinka, labarin zai karkata wajen abin da suke ganin zai kawo kuɗin, sannan ranar da ba su ga komai ba kai ne macuci.

Bayan haka ka nemi izini, kuma izinin ya shiga cikin abin da aka ɗauka. Da ka kunna wayar, faɗi ranar da wurin, sannan ka ce: "Baba, ka yarda in ɗauki muryarka? Ka yarda a sa sunanka, ko a sakaya? Ka yarda jikokinka da ƴan makaranta su ji?" Amsarsa da bakinsa ta fi sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa.

Hirar kanta

Lokaci mafi kyau shi ne hantsi ko bayan la'asar. A shiga ɗaki ko zaure, don iskar hunturu tana cinye murya, kuma a rufe layin wayar kada kira ya katse. Ajiye ta a kan matashi, kamar kamu biyu daga bakinsa. Minti arba'in zuwa sa'a ɗaya ya isa. Gara ka zo sau uku da ka gajiyar da shi rana ɗaya.

Tambayar da ba ta haifar da komai ita ce "ba ni tarihin aikinka". Zai ce Alhamdu lillahi, mun yi aiki, mun gama lafiya. Shi ke nan. Kama shi ta ƙananan abubuwa. Wa ya fara gaya maka ana ɗaukar ma'aikata? A wace mota ka tafi, kwana nawa kuka yi kafin a yi kwalta? Gidan wa ka sauka? Ranar farko da ka shiga rami, me ka ji a kunnenka, me ka shaƙa? Ina kuke salla? Da azumi yaya ake yi? Wa ke wanke kayan aikin, a kamfani ko a gida? Da wane harshe shugaban aiki yake ba da umarni, kuma ku da Abzinawa da Zabarmawa da wanne kuke hira? Albashin farko, me ka saya?

In ya yi shiru, kai ma yi shiru. Wannan shi ya fi wuya. Sau da yawa maganar da ka zo nema tana bayan shirun nan ne, in ka cike shi da wata tambaya ta tafi ke nan. Kuma kada ka kashe wayar don an kawo shayi. Ni dai a kofi na uku na fi samun labari, lokacin da tsoho ya ɗauka an gama aiki.

Za ka ji maganganu masu nauyi: abokin da dutse ya danne, ciwon ƙirji, kora daga aiki, yajin aiki, zaman ɗar-ɗar na lokacin tawaye. Ɗauki abin da ya faɗa a matsayin shaidarsa, da kalmominsa. Kai ba likita ba ne da za ka ce ga abin da ya jawo ciwon, ba kuma alƙali ba. In ya ambaci sunan wani da mugun abu, bar shi a cikin muryar da ka adana, amma kada ya fita a abin da za ka yaɗa.

Sai mutanen da takardar kamfani ba ta san da su ba, waɗanda a ganina su ne rabin tarihin. Leburorin ƴan kwangila. Masu gadi. Mahauta da teloli da masu tuwo na unguwannin Bukoki, inda waɗanda ba su samu gidan kamfani ba suka kafa bukkokinsu. Makiyayan da suka san wurin tun yana makiyaya. Da matan da aka bari a Adar suna jiran saƙo. Hirar mata, mace ta yi ta, cikin gida, ba maigida a kusa. Na gwada da kaina sau biyu, abin da na samu bai wuce "lahiya lau munka zamna" ba. Ƙanwata ta koma wajen tsohuwa ɗaya daga cikinsu, ta fito da labarin sa'a biyu, har da waƙar daka da suke yi wa mazan da suka daɗe ba su aiko ba.

Rubuta shi yadda aka faɗa

A daren ranar, ko washegari, ka saurara ka rubuta. Sa'a ɗaya ta magana tana cin sa'a biyar ko shida ta rubutu, ka shirya wa haka. Kada ka gyara Hausar Adar ta koma ta littafi. In ya ce munka tahi, ko kuɗɗi, ko gidanai, haka za ka sa. Kalmomin aiki na Faransanci da bakin ma'aikata ya tanƙwara, kamar shef da site da matirikil, su ma a bar su, ka buɗe musu shafi a ƙarshen littafi da ma'anar kowace. Nan da shekara talatin ba mai sanin su. Kowane minti biyar ka sa alamar lokaci a gefen shafi, don mai neman wata magana ya same ta ba tare da ya saurari duka ba.

Akwatuna

A zama na biyu ko na uku ne ake tambayar takardu, bayan an saba. Abin da ake nema: katin aiki, takardar ɗauka da ta sallama, takardun albashi, littafin asusun fansho, katin ƙungiyar ƙwadago, lambar yabo, hotuna, wasiƙu na boko da na ajami. Ka tambayi kaset ma. Da can wanda ba ya rubutu yakan ɗauki muryarsa ya aiko wa iyali da direba, kuma wasu tsofaffin mata suna riƙe da su har yau. In ka samu, kada ka jefa shi cikin kowace tsohuwar rediyo, tana iya tauna zaren. A gwada rediyon da wani kaset marar amfani tukuna, sannan a kunna sau ɗaya ana ɗauka da waya.

Ƙa'idata guda ce: asalin takarda ba ya barin gidan mai shi. Na taɓa karɓar hotuna bakwai na kai wani shago a kwafa, yaron shagon ya haɗa su da na wani, biyu suka ɓace. Kunyar komawa gidan nan ba na fatan ta ga kowa. Ɗauki hoton komai nan take, a inuwa mai haske, a kan farin zane, wayar tana kallon takardar kai tsaye ba a karkace ba. Gaba da baya, ko da bayan ba komai. In hoton mutane ne, sa tsohon ya ɗora yatsa a kan kowa ya faɗi sunansa da garinsu, daga hagu zuwa dama, kana ɗaukar murya.

Sannan ka taimaka musu su adana nasu. A cire ƙusoshin takarda masu tsatsa da roba mai ɗanko. Kada a liƙe yagaggen wuri da salatif, kada kuma a kai a manne takarda cikin leda da zafi, don in an yi ba ta sake fitowa. A sa kowace a cikin farar takarda, a ɗora akwatin a kan bulo ko benci nesa da bango, a riƙa buɗe shi kafin damina da bayanta.

Yamai

Sai ka tara hira goma ko fiye sannan tafiyar Yamai take da amfani, domin a lokacin ka san abin da kake nema. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da rahotannin rangadi na kwamandojin Turawa da bayanan da suka rubuta a kan kowane yanki. A jaridar gwamnati ta dokoki ake samun ranar da aka ba da izinin bincike ko na haƙa. Tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel, wadda kafin 1974 ake kira Le Temps du Niger, suna da labarin bukukuwan buɗe ma'aikatu da ziyarar shugabanni. Cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da ɗakin karatu da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tarin marubuci Boubou Hama ne tushensa. Cibiyar CELHTO, da aka kafa a 1968 don tarihin baka, aikinta ke nan tun asali. Gidan tarihi na ƙasa kuma yana da zauren uraniyom. Don sanin yadda Adar da Abzin suke tun kafin Turawa, nemi rubuce-rubucen masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'armu ta Tawa take ɗauke da sunansa. Wasu takardun zamanin mulkin mallaka suna Dakar, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa, amma wannan sai aiki ya yi nisa.

Tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa daga wani malami ko wata ƙungiya, kuma in Faransancinka bai kai ba, ɗauki ɗalibi. Kowace takarda ka duba, rubuta lambar kundinta kafin ka karanta layi ɗaya. Ka kuma lura da rubutun sunaye: wuri ɗaya Bature zai rubuta shi iri uku.

Za ka tarar takarda da baki sun saɓa. Kada ka yi saurin ba takarda gaskiya. A kan kwanan wata da adadin tan, yawanci ita ce daidai. A kan wa ya nuna wa masu bincike hanya, wa ke da rijiyar, mutum nawa suka ji rauni, wanda ya rubuta rahoton yana da shugaban da yake son ya faranta wa. Rubuta duka biyun, ka faɗi wa ya ce me. Abin da mutum uku da ba su zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya, ka iya dogara da shi. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, sa sunansa a kai.

In ka samu hawa arewa

Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, daga can zuwa Arlit kimanin 240. Tambayi halin hanya da na tsaro kafin ka tashi, ka sanar da hukuma, ka nemi ɗan ƙasa mai jin Tamajak ya zama jagoranka. Sunayen wurare kansu tarihi ne: anu rijiya ce, tasamt gishiri. Tambayi sunan kowane dutse da kowane kori kafin zuwan kamfani. Ka nemi maƙeran Abzinawa, su ne suka san ƙarfe da labarin gidaje.

Ba a ɗaukar hoton ma'aikatar haƙa ko shingenta sai da izini. Ba a shiga tsohon rami. Kada ka ɗauko guntun ƙarfe ko dutse daga wajen mahaƙar uraniyom da sunan tsaraba, ido ba ya gane wanda ke da guba. A tsofaffin wurare irin Azelik, ko inda ka ga zane a jikin dutse, hoto kawai: kada ka tsinci kashin tama ko katangar tukunya, kada ka zuba ruwa ko ka bi zanen da alli don ya fito.

Ajiya, da mayar da amana

Kowane fayil ka sa masa suna iri ɗaya: shekara, wata, rana, gari, lambar mai magana. Ka riƙe littafi guda da ke cewa lamba kaza wane ne, shekarunsa, aikinsa, da abin da ya yarda a yi da muryarsa. Kwafi uku a wuri uku: ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya, ɗaya a intanet, ɗaya a hannun wani a wani gari. Katin waya shi kaɗai ba ajiya ba ne, zafin watan Afrilu da ɓarawon kasuwa duk suna iya raba ka da shi. In za ka tura hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage masa kyau har ƙananan rubutu su dushe. Duk shekara ka buɗe ajiyar ka tabbata tana buɗuwa. Abin da masu shi suka yarda, kai kwafi ɗakin karatun jami'a ko ɗaya daga cikin cibiyoyin Yamai, ka karɓi takardar shaidar sun karɓa.

Sannan ka koma gidajen. Wanke hoton tsohon babba ka kai masa, ka sa muryarsa a wayar ɗansa ko jikarsa. In gidan rediyon garinku zai ba ka rabin sa'a, sa guntayen hirar da aka yarda a sa, ka faɗi inda za a same ka. Ka tafi da hotunan da ba a gane mutanen ciki ba duk inda tsofaffin ma'aikata suke taruwa, wajen karɓar fansho, ko zaman makoki, ko majalisar bayan la'asar. Hoton kawuna yana cikin aljihuna a leda. A wani ɗaurin aure a Illela wani tsoho ya karɓa, ya nisanta shi da idonsa, ya ɗora yatsa a kan na huɗu daga hagu ya ce wannan mutumin Keita ne, tare suka yi aikin dare. Saura bakwai.